Haƙori a Dutsen Adar, Hanta a Ƙasan Teku



Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Malamaina na lakwal da na zaure, ma'aikatan gandun daji, sarakunan ruwa da masunta da kuka taso tun daga Keita da Buza, iyayenmu mata, da ku 'yan makaranta da kuka cika bayan zauren nan, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Tun da aka sanar cewa zan yi magana a Madawa kan kifin shak, wanda masu jin Faransanci ke kira rakan, mutane ke tare ni da tambaya ɗaya: Malam, me ya haɗa kifi da kaska? Daga nan zuwa bakin teku mafi kusa ya haura kilomita 800, kuma yawancinmu ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin Tabalak faɗi ba. Tambayar tana kan hanya, don haka da ita zan fara.

Duk mai dala ashirin a aljihu ya fito da ita, ya juya ta. Akwai wata siffa doguwa mai haƙora gefe da gefe, kuma tana jikin takardun kuɗinmu ma. Na sha tambayar yara mece ce, wani ya ce takobi, wani ya ce mashacin kai. Kifi ne. Kifi mai zarto, ɗan'uwan shak na jini, kuma shi ne tambarin babban bankin ƙasashenmu na BCEAO. An ɗauko siffar ne daga ƙananan ma'aunan tagulla da mutanen Akan na Gana da Kodibuwa ke auna zinariya da su a da. Mai ransa yakan kai mita 6 a tsawo. Yana zaune a bakunan koguna tun daga Muritaniya har Angola, kuma wannan zarton da yake farauta da shi, shi ne ajalinsa, domin duk ragar da ya gifta sai ta sarƙe shi. A yau masunci na iya tsufa a gaɓar Senegal ko ta Gana bai ɗora ido a kan ko ɗaya ba. Labarin da ake ɗan samu nasa daga wajen tsibiran Bijagos na Gini Bisau yake fitowa, shi ma jefi-jefi. Muna sayen albasa da goro da hotonsa kullum, shi kuwa ya bar ruwan da aka san shi da shi, kuma babu wanda ya rubuta shekarar da ya tafi.

Ga abu na biyu, a tafin hannuna. Na baya ba za ku hango shi ba, zan miƙa ya zaga. Tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba, baƙi-baƙi, mai sheƙi, kuma har yanzu in ka danna shi a fata za ka ji tsininsa. Wani makiyayi ne ya tsince shi a gindin dutse, arewa da Tawa, ya ba ni. Haƙorin shak ne. Masana ilimin duwatsu sun ƙiyasta cewa shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso Sahara ya kwanta a kan ƙasar da muke zaune yanzu, daga Azawak zuwa Adar har Sakkwato. Farar ƙasar da ake haƙa a Malbaza ana yin siminti, da wadda ake haƙa a Kalambaina, ragowar bawon halittun wannan teku ce. Duk yaron da ya yi kiwo a duwatsun Keita ko Buza ya taɓa tsintar dutse mai siffar katantanwa ya yi wasa da shi. A shekarar 1972 wani masani Bafaranshe, Henri Cappetta, ya wallafa bincike kan kifayen da aka samu a cikin duwatsun wannan yanki, har ya raɗa wa wani nau'i suna Igdabatis, daga sunan dutsen Igdaman da ke wajen Kao. Jikin shak guringuntsi ne, babu ƙashi, don haka idan ya mutu komai yakan ruɓe sai haƙori. Shi ya sa haƙori kawai ya bar mana.

To, kun ga baƙon namu ya riga mu zama a Adar. Dangin wannan kifi sun fi shekara miliyan 400 a duniya, sun ga zuwan manyan dabbobin da aka tono ƙasusuwansu a Gadufawa, sun ga tafiyarsu. Abin da bai kawar da su ba a duk wannan tsawon zamani, yau jirgi mai inji da raga ta nailan na neman gamawa da shi a cikin rayuwar mutum ɗaya. Wani bincike da aka fitar a 2021 ya nuna cewa shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970. A 2021 ɗin kuma aka bayyana cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan nau'o'insu na fuskantar ƙarewa.

Amma waɗanda na zo dominsu yau su ne waɗanda ba a gani ko a talabijin, wato na can ƙasa. Bari in kwatanta da ƙasarmu. Wanda ya taso daga Buza ya san yadda ake tafiya a kan fako shimfiɗaɗɗe, sai kwatsam ƙasa ta karye, ka gangara zuwa kwarin Majiya. Haka ƙasan teku yake. Daga gaɓa ruwa na tafiya a hankali har zurfin mita 200, daga nan sai gangare ya fara, yana sauka mita 500, mita 1,000, har fiye. A wannan gangare hasken rana yake ƙarewa, sanyi ya yi yawa, nauyin ruwa kuma ya kai wanda zai murƙushe gwangwani kamar an taka shi. Abinci kaɗan ne. A nan shak na zurfi suke zaune, nau'i ɗaruruwa, yawancinsu ba su wuce mita ɗaya ko ɗaya da rabi ba, masu duhun fata da manyan idanu koraye masu ƙyalli kamar na kyanwa da dare. Akwai wani da aka taɓa kamawa a zurfin da ya haura mita 3,600.

Wanda ke zaune inda abinci ke da wuya ba ya gaggawa. A nan ne duk maganar take, don haka ku ba ni aron hankalinku. Masunta, kun san karfasa: cikin 'yan watanni ta girma, ta yi ƙwai ɗaruruwa, ta ɓoye su a baki, kafin shekara ta zagayo ta sake yi sau da dama. Giwan ruwa babba ƙwanta miliyoyi ne. Shi ya sa tafki kan ƙafe saura kaɗan, damina ta zo, a zuba iri, a wayi gari ana su. Shak na zurfi ba ya zuba ƙwai haka, yawancinsu haihuwa suke yi. Akwai nau'in da mace sai ta haura shekara 20 kafin ta yi cikin fari, ta ɗauki cikin kusan shekara 2, ta haifi ɗa ɗaya ko biyu. Akwai na tekun Girinlan mai sanyi, wanda binciken 2016 ya nuna yana rayuwa aƙalla shekara 272, kuma mace ba ta isa haihuwa sai ta kai wajen shekara 150. Makiyayan da ke zauren nan sun riga sun gane inda na dosa. Mai zabi na iya sayar da rabin garkensa ranar kasuwa, baɗi ya mayar. Mai raƙuma, wanda taguwarsa ke ɗaukar ciki wata 13 ta haifi ɗaya, idan ya yi wa garkensa haka, jikansa ne zai biya bashin. An shiga teku ana kama kifi mai haihuwar da ta fi ta raƙumi jinkiri, da lissafin mai zabi.

Me ake nema a jikinsa? Hanta. Yawancin sauran kifaye suna da jakar iska a ciki da ke hana su nutsewa, kun sha ganinta in ana gyaran kifi. Shak ba shi da ita. Maimakonta Allah ya ba shi ƙatuwar hanta cike da mai, wadda a wasu nau'o'in takan kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa. A cikin man akwai wani sinadari da ake kira sikwalin, wanda wani masani ɗan Japan, Mitsumaru Tsujimoto, ya gano a farkon ƙarni na 20. Yana shiga fata ba ya barin maiƙo, don haka masu haɗa man shafawa da jan baki suke sonsa, ana kuma ɗura shi a ƙwayoyin ƙarin lafiya. An ƙiyasta cewa sai an kashe shak kusan 3,000 kafin a samu tan ɗaya. Abin da ke ci mini rai shi ne ana samun wannan sinadari daga zaitun, ana kuma haɗa shi daga rake. Na kifin ya fi araha ne kawai, saboda babu wanda ke biyan kuɗin shekara 20 da uwar ta yi tana girma. Iyayenmu mata, man kaɗanya da kuka gada bai ci ran kowa ba, ku riƙe shi da daraja.

Tsibiran Maldibs, ƙasar Musulmi a tekun Indiya, sun fara wannan kamu don mai a farkon shekarun 1980. Cikin 'yan shekaru aka kai ƙololuwa, daga nan aka gangaro, kuma cikin kusan shekara 20 kifin ya ragu da kashi 97 cikin 100. Haka labarin yake maimaita kansa duk inda aka buɗe wannan sana'a: 'yan shekaru na ciniki, sannan shiru. A 2024 wasu masana suka duba nau'i 521 na shak da danginsa na zurfi, suka tarar ɗaya cikin bakwai na kan hanyar ƙarewa. Kuma da yawa ba su ake nema ba. Jirgi na jan ragarsa a ƙasa yana neman wani kifi daban, sai ya kwaso su, kafin a ɗago su daga zurfin mita 800 sun galabaita ko sun mutu.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace wuya: yaya ake sanin kifin da ba a gani ya ragu? Mai garke yana ƙirga dabbobinsa da yamma. Mai gona yana ƙirga dammansa. Wanda dukiyarsa ke cikin duhu a ƙarƙashin ruwa kilomita guda, da me zai ƙirga?

Misalin da na fi so daga Ostareliya yake. A shekarun 1976 da 1977, kafin jiragen kasuwa su dirar wa gangaren tekun kudu maso gabashin ƙasar, wani jirgin bincike mai suna Kapala ya ja raga a wurare sanannu, aka auna abin da ya fito, aka rubuta. Bayan shekara 20, a 1996 da 1997, jirgin nan dai ya koma wuraren nan dai, da irin ragar nan dai. Wasu nau'o'in shak na zurfi da a karon farko ke cika raga, a karo na biyu sun ragu da fiye da kashi 98 cikin 100. Ku lura da abin da ya sa aka sani. Ba wata na'ura mai tsada ba ce. Wani ne ya zauna ya rubuta tun ruwa na cike, lokacin da babu wanda ya ga amfanin rubutun. Da babu littafin 1976, da masuntan 1996 sun ɗauka haka tekun yake tun fil azal, domin kowane yaro yana ɗaukar abin da ya tarar a matsayin cikar duniya.

Da wannan shaida a hannu, hukumar kamun kifi ta ƙasar ta fito da tsari a 2012. Aka rufe wasu yankunan gangaren, ba a jan raga a cikinsu. Aka hana ajiye waɗannan nau'o'i a jirgi, wanda ya faɗo da ransa a mayar da shi ruwa da sauri. Kowane jirgi na ɗauke da na'urar da ke nuna wa tauraron ɗan'adam inda yake, don kada ya saci hanya cikin dare. Burin da aka sa ma mai sauƙi ne, a mayar da kifin kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake a da, kuma lissafin masana ya nuna hakan zai ci fiye da shekara 60. Ɓarnar shekara 20, gyaran fiye da shekara 60, kuma rubu'i kawai za a samu. Waɗanda suka sa hannu a takardar sun san ba za su ga ranar ba.

Rufe wuri abu ɗaya ne, sanin ko rufewar ta yi amfani wani abu ne daban, kuma nan ake ta fama. Ana zura kyamara cikin keji tare da naman da zai jawo kifi, a bar ta a ƙasa awoyi, a ɗago a ƙirga masu giftawa. Ana shimfiɗa dogon mamari mai ƙugiya ɗaruruwa, a auna wanda ya kamu, a maƙala masa lamba, a sake shi. Ana sa wa wasu ƙaramar na'ura mai fitar da sauti, a dasa masu saurare a ƙasan ruwa, don a gane ko kifin na zama cikin wurin da aka killace ko yana ficewa inda raga ke jira. Akwai kuma wata dabara sabuwa da aka gwada a kan wasu nau'o'in shak, wadda ta burge ni ƙwarai. Ana yankar ɗan guntun fata daga kifaye da yawa, a bincika jini a ga nawa ne 'yan uwa ɗaya ko uba ɗaya. Ku ɗauki mutum goma a ƙaramar ruga, za ku tarar rabinsu dangi ne. Ku ɗauki goma a kasuwar Tunfafi ranar da ta cika, da wuya ku samu biyu 'yan ɗaki ɗaya. Yawan 'yan'uwa a cikin kamu alama ce ta ƙarancin iyaye. Da haka ake ƙirga abin da ido bai gani ba.

Turai ma ta taɓa wannan wuta. A shekarun 1990 jirage suka riƙa shimfiɗa ragar kalli mai tsawon kilomitoci a zurfin ruwan yammacin Ayalan da Sikotland, su tafi su bar ta kwanaki, wata ta ɓace ta ci gaba da kisa ba mai ita. Tarayyar Turai ta hana kamun shak na zurfi da gangan daga 2010, kuma a 2016 ta zartar da dokar hana jan raga a ƙasan da ya wuce mita 800. Doka ce mai kyau. Sai dai hana kamu a ruwa ɗaya bai kashe kasuwar man ba, kuma jirgi yana da inji. Inda babu mai tsaro, can ake nufa.

Wannan ya kawo mu gaɓar Afirka ta Yamma. A gangaren tekun Muritaniya da Senegal, jiragen da ke jan raga don wani kifin zurfi da Turawa ke so suna haɗawa da waɗannan shak. A kusa da gaɓa kuma, tun shekarun 1980 fataken fiffike suka buɗe kasuwa zuwa Hon Kon, naman kuma a zuba masa gishiri a busar a kai Gana. Wasu ƙasashen gaɓar, ciki har da Muritaniya da Senegal, sun amince da shirin haɗin gwiwa na kare shak a 2001. A gandun Bank Dargen na Muritaniya, masunta Imragen, waɗanda har yau da jirgin iska suke su, sun yarda a 2003 su daina kamun shak da gangan, suka miƙa ragunansu na musamman. Ba a daina samun shak a cikin kamunsu ɗungurungum ba, amma an yi yarjejeniyar ne da masu ruwan a zaune, kuma wannan ya sa ta fi dokar da ake aikowa daga ofis ƙarko. Jirgin bincike na Dr. Fridtjof Nansen, wanda Norwe da hukumar FAO ke tafiyarwa tun 1975, yana zagaya wannan gaɓa yana awo. Babbar matsalar tana tashar sauke kaya. Mai rubutu yakan sa kalma ɗaya, shak, ga nau'i ashirin mabambanta. Wanda aka matse ya zama mai a cikin ganga kuwa, ko sunan ma babu. Kifi na iya ƙarewa tas alhali littafin gwamnati na nuna komai lafiya.

Nijar ba ta da gaɓa, amma tana da murya. Muna cikin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun dawa tsakanin ƙasashe tun 1975, kuma ƙuri'armu ɗaya ce daidai da ta ƙasar da ke da jirage dubu. A taron Panama na 2022 irin waɗannan ƙuri'u ne suka sa nau'o'in shak fiye da 50 ƙarƙashin sa ido. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ma ta amince cewa ƙasashe marasa gaɓa suna da haƙƙi a tsakiyar teku. Wani ɓangare na kifin kwali mai ƙanƙara da ake kawo mana daga waɗannan ruwaye yake fitowa. Mai cin abu yana da bakin tambayar yadda aka samo shi.

Bari in dawo gida, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A kogin Binuwai da Kwara akwai wani kifi faffaɗa kamar faifai, mai ƙaya a wutsiya, wanda Hausawan can suka raɗa wa kunaman ruwa. Shi ma guringuntsi ne, dangin shak ne, kuma shi ma yau yana cikin jerin masu fuskantar ƙarewa. A jiharmu kuwa, tafkunan Tabalak da Ɗan Dutsi sun shiga jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya a 2005, ga tafkin Keita, ga ruwan da madatsu irin na Ibohaman ke tarawa, wanda yashi ke cinyewa kowace damina.

Shekarun baya na kwana biyu a bakin wani tafki na jihar nan, ba zan faɗi sunansa ba. Da asuba jirage suka fito. Na tsaya kusa da wani dattijo yana zazzage kamunsa a kan buhu: karfasa da ba su kai tafin hannun yaro ba, 'yan tarwaɗa kamar yatsu, suna ta motsi a cikin laka. A gefe wasu samari biyu na jan gidan sauro, irin wanda ake raba wa mata masu ciki, sun mai da shi taru. Na ce, Baba, haka ruwan nan yake tun da? Ya ce, ina! Da ƙuruciyarsa yakan fito da giwan ruwa da sai mutum biyu sun rataya a sanda. Na ce, wace shekara ta daina fitowa? Ya yi shiru, ya duba ruwan, ya ce shi dai ya wayi gari ya ga babu. Na tambayi nawa ake kamawa a wata a wancan lokaci, babu wanda ya sani, domin babu wanda ya rubuta. Kuma da rana ta yi, ni da ke wannan tambaya na sayi waɗannan 'yan kifi soyayyu da yaji na ci. Laifin da nake gani a jirgin Turawa, ga shi a hannuna cikin takarda.

Ba na zargin samarin nan. Wanda ya bar yara a gida ba su karya ba, ba za ka yi masa wa'azin baɗi ba. Ƙasarmu na da dokar kamun kifi, ta hana guba da abin fashewa, ta ce a yanki takardar izini, kuma ma'aikatan gandun daji na iya ƙoƙarinsu da babur ɗaya a gunduma guda. Amma tun kafin dokar, kakanninmu sun san rufe ruwa. Sarkin ruwa ne ke cewa yau an buɗe, yau an rufe, kuma ba mai jefa birgi sai ya ce. Abin da ke sa a fito da manyan kifaye a Matan Fada ranar bikin Argungu shi ne an hana taɓa wurin sauran watannin shekara. Abin da Ostareliya ta yi da tauraron ɗan'adam, asalinsa wannan ne.

Mutanen Keita kuma kun san wani abu da duniya ke zuwa koyo a wurinku. Bayan farin 1984, da taimakon Italiya da FAO, aka fara aikin raya ƙasa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka. An farfaɗo da fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa kusan miliyan 18. A kwarin Majiya, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don tare iska, waɗanda suka haƙa ramukan da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu ne ke shan inuwar. Kun san aikin da mai yinsa ba ya cin moriyarsa. Bambancin kawai shi ne fako ana iya fasa shi da diga a dasa masa icce, tafki ana iya zuba masa iri daga wani tafki. Gangaren teku ba shi da wurin renon iri. Babu wanda ya iya kiwon shak na zurfi ya mayar. Abin da ɗan'adam ke iya yi masa biyu ne tak: ya ɗauke hannu, ya kuma ci gaba da ƙirga.

Saboda haka ga roƙona, kuma ƙarami ne. Sarakunan ruwa, Allah ya ƙara muku girma, ina so kowane tafki da ake su a gundumominmu uku ya samu littafi ɗaya da ma'auni ɗaya da tsinken awo ɗaya a bakin ruwa. Kwana biyu a mako ya isa. A rubuta ranar, da yawan jiragen da suka fita, da irin ragar, da kilo nawa aka samu, kowane kifi da sunansa: karfasa daban, tarwaɗa daban, ragon ruwa daban, gaiwa daban, kada a tara su a ce kifi. A auna tsawon mafi girma da mafi ƙanƙanta. Malaman lakwal, ku ba mu ɗalibai biyu a kowane gari su riƙa wannan rubutu tare da masunta, da Hausa, da boko ko da ajami, kwafi ɗaya ya zauna wurin sarkin ruwa, ɗaya wurin ma'aikatan gandun daji. Shafin farko kuma a ba dattawa. A zauna da duk masuncin da ya haura shekara 60, ya faɗi kifayen da ya sani a ruwan da ƙuruciyarsa, da girmansu, da waɗanda ya daina gani, a rubuta kafin su tafi da shi.

Na zo da littattafai goma sha biyu da tsinken awo goma sha biyu, suna kan teburin nan. Bayan addu'a, wakilin kowane tafki ya zo ya karɓa, mu zauna in nuna yadda za a ja layukan. Haƙorin da ke zagayawa kuma, wanda ya tsaya a hannunsa ya miƙa wa shugaban makarantar nan, na bar wa ɗalibai shi.